Baƙar Robar da Ke Gaban Inji

Motar gidanmu ta girmi duk 'ya'yana. Maigidana ya saye ta tana hannu na uku, doguwa ce mai ɗaukar mutane da buhuna, injinta kuwa silinda shida ne a jere, irin wanda yanzu sai an sha yawo kafin a ga kayansa. Ita da gonarmu da ke bayan Kusasu su suka ciyar da mu shekara da shekaru. Da gonar ta gagare mu zuwa saboda mutanen daji, sai ya zamana motar kaɗai ta rage.

A tsakanin nan ne ciwon ido ya cinye ganin Malam, maigidan nawa, a hankali, ga hawan jini ya haɗu masa. Sai babban ɗana ya karɓi makulli. Shi ne na fari, ba na kiran sunansa, a nan ma ba zan rubuta ba. Yana da mata da 'ya ɗaya a ɗakin da ke kusa da zaure. Sa'o'insa da suka taso tare kusan duk sun tafi ramukan zinare cikin daji. Wasu suna dawowa da babur, wasu da tari, wasu kuma sai dai a zo a yi wa iyayensu gaisuwa. Wata rana ina tankaɗe ya zauna a bakin ƙofar madafa, ya ce, "Inna, muddin motar nan tana tashi, ba inda za ni. Ran da ta kwanta kuwa, kada ki hana ni, don ba zan zauna ina kallon ku ba." Na ci gaba da tankaɗena. Amma daga ranar na fara sauraron motar nan kamar yadda ake sauraron numfashin mara lafiya.

Kullum da safe in ya tayar da ita a ƙofar gida, Malam sai ya bi bango da hannu ya fito. Ya ɗora tafinsa a gefen motar, ya karkata kai yana saurare. Ni kuma ina tsaye a soro da tsintsiya, don ni ce mai duba masa abin da hannu ba ya gani. Tun da na gama ajin yaƙi da jahilci yake kira na Malama, da farko don tsokana, daga baya sunan ya zauna. Ni nake karanta masa lambar da ke jikin kwalin kaya, ni nake gaya masa launin hayaƙi.

A tsayuwar soron nan na koyi abin da ke sa inji rawa, ba don na nema ba. Malam ya ce a can ƙasan inji akwai wani dogon ƙarfe mai lanƙwashe-lanƙwashe, shi ake kira karanshaf, shi ne silinda shidan suke bugawa ɗaya bayan ɗaya har taya ta juya.

"Kin san lugude," ya ce da ni. "Mata shida a turmi ɗaya. In kowace ta sauke taɓarya a kan lokacinta, har rawa za ki taka. To a ce ɗaya ta tsaya gyara ɗaurin zani."

"Sai ya lalace."

"To shi ne fulogi ɗaya ya mutu. Wannan rawar mai sauƙi ce, ko ɗanki zai gane ta."

"Baba, ina jin ka fa," in ji ɗan nawa daga cikin mota.

"Ai don ka ji na faɗa."

Ya ce akwai kuma rawar da ke zuwa in robar da inji ke zaune a kai ta tsage, wannan duk jikin motar take kaɗawa tun ba a tashi ba. Akwai ta metal, wato 'yan ƙarafan da karanshaf ke kwance a cikinsu, in suka cinye sai ka ji ƙwanƙwasa daga ƙasa kamar ana buga ƙofar wani gida can nesa. Ya taɓa ba ni labarin wani bakanike da ya haɗa wa wani direba inji da fiston, wato ƙarafan da ke hawa da sauka cikin silinda, na motoci daban-daban, wani ya fi wani nauyi, motar ta yi ta makyarkyata har ta mutu ba a san dalili ba. Amma wadda ya fi tsoro ita ce wadda ba a cika ji ba. Ya ce ƙarfen mai silinda shida ya yi tsawo da yawa, duk bugu ɗaya sai ya ɗan murɗe ya dawo, kamar yadda nake matse zani bayan wanki. Ido ba ya gani. To a gaban inji, inda bel ke zagayawa, akwai fuli mai ƙarfe biyu, na ciki da na waje, da baƙar roba a tsakaninsu. Robar nan ita ke shanye murɗewar.

"Gammo ce," ya ce. "Ɗauki tulu ba gammo ki je rafi ki dawo kullum, ki ga abin da zai sami wuyanki."

Akwai kuma wani wuri a agogon gudu da ya ɗiga wa jan fenti tun yana gani. Ya ce kowane tsohon inji yana da gudun da ba ya so, inda bugun ke haɗuwa da murɗewar su ƙarfafa juna. Ko ka yi ƙasa da jan, ko ka wuce shi, amma kada ka zauna a kansa.

Ƙarshen wata damina motar ta fara wata 'yar kaɗawa da wani kuka siriri daga gaba. Aka canza fulogi, ba ta daina ba. Aka duba mazaunin inji, lafiya lau. Rana ta uku Malam ya daɗe da hannu a jikinta, sannan ya ce a kashe, a cire lagireto da fanka, a fito masa da fulin. Da aka sa masa a cinya ya bi shi da yatsa, sai robar tana marmashewa tana zuba a rigarsa kamar tsohon silifa. Ƙarfen waje har yana motsi shi kaɗai.

"A ajiye ta," ya ce. "Ba za ta taka titi ba sai an samo wani."

Kayan ba ya nan cikin gari. Aka ba wani direba saƙo zuwa Kaduna, ya dawo da fuli na mai silinda huɗu, ya ce mai shagon ya rantse masa duk ɗaya ne. Ko shiga bai yi ba. Aka mayar, sai hanya ta ƙi biyuwa, kwana da kwanaki ba mota mai fita. Da ta buɗe, wanda aka sake aikawa ya ce ya zagaya layin masu kayan tsofaffin motoci kaf, wanda ya samu ma robarsa ta fi tamu lalacewa.

Mako uku motar tana tsaye a ƙofar gida an rufe gabanta da buhu. Masarar da muka ajiye ta yi ƙasa, na koma yin tuwo sau ɗaya, da rana a sha kunu. Ba wannan ya fi damuna ba. Wani abokin ɗana ne ya dawo daga ramuka a kan sabon babur, kullum da la'asar sai ya zo su zauna a kan benci. Ina jin su ta katanga. Abokin ke ba da labarin ramuka, nawa yana saurare.

Wata ranar kasuwa da hantsi ɗana ya fita da abu a cikin buhu. Bayan azahar ya dawo, ya wuce mahaifinsa da ke kishingiɗe a zaure, ya same ni a madafa. Ya buɗe buhun. Fulin ne, amma babu roba. An ƙone ta an kankare, an haɗa ƙarfen ciki da na waje da walda zagaye, ɗigo-ɗigo kamar ɗinkin ƙwarya.

"Mai waldan bakin tasha ne ya yi," ya ce a hankali. "Ya ce kowa haka yake yi yanzu. Ya yi wa motoci da yawa, ba wanda ya dawo masa."

"Babanka ya ce gammo ce."

"Inna, Baba zamaninsa ana samun kaya. Ki duba fa, yanzu ko girgiza ba ya yi." Ya kama shi da hannu biyu ya jijjiga. Gaskiya ne, ya zama dunƙule ɗaya, ga ƙarfi. A ido ya fi na da kyau nesa ba kusa ba. "Don Allah kada ki gaya masa. Jininsa zai hau, kuma zai ce a ajiye ta. In aka ƙara ajiye ta, kin san sauran."

Na san sauran. Na tsaya ina kallon ƙarfen, sai na ga ni dai ban san ƙarfe ba, amma na san iyayen da aka zo wa gaisuwa. Na ce ya je ya ɗaura.

Ya ɗaura, ya mayar da fanka da lagireto, sannan ya gaya wa mahaifinsa wai wani direban Funtua ne ya zo da shi. Malam ya yi faɗa, me ya sa ba a ba shi ya taɓa ba kafin a rufe. Da safe aka tayar. Kukan nan ya tafi, kaɗawar ma ta tafi. Malam ya sa hannu a jikinta ya daɗe. Hannunsa ba ya kaiwa wurin, ga fanka tana juyawa. Sai ya ce a kashe.

"Malama, zo ki leƙa min. Ta nan, tsakanin bel da lagireto."

Na je na leƙa. Waldar tana nan tana ƙyalli.

"Kin ga baƙar roba zagaye?"

"Na gani."

"Ba tsagewa?"

"Babu."

Shekarunmu tare ban taɓa gaya masa abin da ido bai gani ba sai ranar. Ya gyaɗa kai, ya ce muryar ta ɗan bushe masa, amma ƙila don sabuwa ce. Ya yi wa ɗansa addu'a, ya ce ya kiyaye jan fenti.

"Baba, yanzu fa ba ni ke zaɓar gudu ba," in ji shi.

Wanda bai san hanyarmu ba ba zai gane wannan ba. A lokacin ba a shiga hanyar Kaduna ɗai-ɗai. Motoci kan taru a bakin gari tun da safe, a jira masu rakiya, sannan a tafi a jere. Na gaba shi ke yanke gudu. Ba ka isa ka wuce shi ba, in kuwa ka yi baya, kai kaɗai ne da daji da mutanen da ka ɗauko. Fasinja ma ba za su bar ka ba, da sun ga tazara ta buɗe za su fara salati suna ce maka ka taka. Ɗana ya ce gudun ayarin, in an fita daga ramukan titi an sami wuri mai kyau, daidai kan jan fentin nan yake sauka. Ba sama ba, ba ƙasa ba.

Duk da haka abinci ya dawo gidan. Na koma tuwo sau biyu. Abokin nan mai babur ya koma daji shi kaɗai, na ji daɗi har na yi sadaka da ƙosai. Wata biyu muka yi a haka.

Alamu kuwa sun yi ta zuwa, ina ganinsu. Bel ya tsinke sau biyu. Baƙin mai ya fara ɗiga daga gaban inji, kullum sai na zuba toka a wurin. Babban notin da ke riƙe fulin ya kwance, aka ɗaure, ya sake kwancewa. In ɗana ya dawo na miƙa masa kofin ruwa, sai na ga ruwan yana rawa a hannunsa, ya ce sitiyari ne ke sa masa yatsu su mutu. Malam yana jin duk wannan, sai ya ɗora laifin a kan masu sayar da kaya.

"Jabu suka ba shi," ya ce da ni wata rana muna zaune a inuwar ɗaki ina tsince wake. "Roba ta yanzu ba roba ba ce. Mutane ba tsoron Allah, su sayar wa yaro da abin da zai kashe masa inji."

Maganar ta zo min har baki. Na ajiye faifan, na ce, "Malam."

"Na'am?"

Sai jikata ta shigo da gudu ta faɗa jikinsa, yana dariya yana cewa wace ce wannan amaryar tawa mai warin daddawa. Na ɗauki faifaina. Ba yarinyar ce ta hana ni ba, kada in ɗora mata. Da na so faɗa, da na faɗa bayan ta fita.

Ran da abin ya faru, da azahar aka ga ɗana ya shigo a ƙafa, ba makulli a hannu. Ya ce sun yi nisa, sun shiga inda dajin Kamuku ya matso titi, sai ya ji wani ƙara guda ɗaya daga ƙasa, kamar taɓarya ta karye. Injin ya yi wata irin kakari ya mutu. Ya samu ya gangara gefe. Babbar motar da ke bayansu ta rage gudu, ba ta ma tsaya sosai ba, fasinja suka yi ta hawa ana jan su, har da wata tsohuwa da aka ɗaga kamar buhu. Shi ma suka ce ya hau. Ya ce ya tsaya yana kallon motar, sai wani ya daka masa tsawa, ya hau. A wani gari na gaba ya sami ayarin da ke dawowa.

Na gode wa Allah da ba a rasa rai ba, har yanzu ina godewa. Sai rana ta uku aka samu wanda ya yarda ya jawo ta. Ta dawo ba batir, ba kujerun baya, tayoyi biyu na aro ne.

Wani dattijon bakanike, abokin Malam tun suna samari, shi ya zo ya sauke injin a ƙofar gida. Aka shimfiɗa buhuna, aka jera kayan. Karanshaf ɗin ya rabu biyu, can wajen baya. Aka kama hannun Malam aka kai shi. Ya tsuguna ya shafa wurin karayar, ya ce rabinta santsi ne, wato ta daɗe tana ci a hankali, sauran ne ya ɓalle rana ɗaya.

"Irin wannan ƙarfen kuwa, ko a Kaduna sai dai a yi ta tambaya," in ji bakaniken. "Kuma ya fasa gindin injin. Ni dai ban ga abin gyara a nan ba."

"Ba ni fulin," in ji Malam.

Bakaniken ya dubi ɗana, ya dube ni a soro, sannan ya ɗauka ya miƙa. Na ga yatsan Malam ya sauka inda roba ya kamata ta kasance. Ya bi ɗigon waldar ɗaya bayan ɗaya har ya zagayo inda ya fara. Bai yi sauri ba.

"Wa ya kai shi walda?"

"Ni ne, Baba."

"Kai na san dalilinka." Ya ajiye ƙarfen a kan buhu a hankali. Bai juyo wajena ba, don bai san daidai inda nake tsaye ba, sai ya yi maganar yana fuskantar bango. "Malama, ke kuma ai ke ce idona."

Bakaniken, don ya rage nauyin wurin, ya ce ai ko da robar ma, tsohon ƙarfe ne, ga gudun ayari, wata rana dole ya gaji.

"Ƙila da ta kai shekara," in ji Malam. "Ƙila biyu. Ƙila kuma a'a." Ya miƙa hannu, aka tashe shi.

Bai yi min faɗa ba, ko a ranar ko bayanta. Yana gaishe ni, yana cin abincina, yana ce min sannu. Sai dai in yana son a duba masa wani abu, ko kwalin magani ne, matar ɗanmu yake kira, ita kuwa karatunta bai kai nawa ba, sai ta zo ta tambaye ni a ɓoye ta koma ta gaya masa.

Bayan kwana biyu na bi ta bakin tasha zan je awo, mai waldan ya hango ni ya taso da fara'a, tabaransa a goshi. Ya yi min jaje, sannan ya ce, "Amma Hajiya, tsakani da Allah, waldata ta saki?"

Na ce ba ta saki ba.

"To kin gani. Aikina ba ya saki."

A bayansa akwai wani fulin a maƙale a kan teburin ƙarfe, wani direba yana tsaye yana jira. Na buɗe baki, sai na tuna shi ma direban akwai gidan da ke jiran sa, kuma ba ni da wani fulin da zan ba shi. Na ce Allah ya ba da sa'a, na wuce.

Ɗana ya nemi tuƙin motar wani, ya zagaya duk masu motoci na garin. Direbobi sun fi motocin yawa. Wata ranar Asabar da safe abokin nan ya zo da babur ya tsaya a waje bai kashe ba. Na riga na soya masa ƙuliƙuli, na ɗaura garin kwaki da sukari a leda, da maganin zazzaɓi. Ya durƙusa gaban mahaifinsa, Malam ya dafa kansa ya daɗe yana addu'a. Da ya zo gabana ya ce, "Inna, kin yi alkawari ba za ki hana ni ba." Ban tuna na yi alkawarin ba, amma ban musa ba. Na ce ya riƙa sallah a kan lokaci, kuma kada ya yarda a ce shi ne zai fara shiga sabon rami.

Sau biyu ya zo gida tun daga nan. Na biyun ya rame, farcensa duk sun fashe, ya kawo buhun shinkafa rabi da takalmi ga 'yarsa, wanda ya yi mata kaɗan. Kwana ɗaya ya yi. Inda suke waya ba ta shiga, sai in wani ya hau dutse. Matarsa takan zo ta zauna kusa da ni da rana tana tsifar kan 'yar, can sai ta ce, "Inna, ko kin ji wani abu?" In ce ban ji ba. Yau mako biyar ke nan muna wannan tambaya da wannan amsa.